Sauron da aka sauya wa halitta ba shi ya kawo Zika ba

Tun 2016 wannan magana take yawo, wai sauron da kamfanin Oxitec ya sauya wa ƙwayoyin halitta ya kuma saka a Brazil shi ya haifar da cutar Zika, wadda sauro ke yaɗawa. Har yanzu akwai masu maimaita ta duk lokacin da aka taso da zancen yaƙar sauro ta wannan hanya.

Lissafin shekaru kaɗai ya isa ya rushe ta. A 1947 aka fara gano ƙwayar cutar a jikin wani biri a dajin Zika na ƙasar Uganda, daga nan ta samo sunanta. Ta ɓarke a tsibirin Yap da ke tekun Pasifik a 2007, shekara huɗu kafin kamfanin ya fara sakin sauronsa a Brazil a 2011.

Ga kuma abin da na fi so mutane su riƙe: macen sauro ce kawai ke cizo, domin tana buƙatar jini ƙwayayenta su ƙosa. Namiji ruwan furanni yake sha. A wancan aikin na Brazil, maza ake tacewa a saki, ɗauke da wata ƙwayar halitta da ke kashe akasarin 'ya'yansu kafin su girma. Idan suka yi barbara da matan sauron daji, akasarin zuriyar ba ta kai labari, sai yawan sauron ya ragu. Tacewar ba ta cika cif ba, matan sauro ƙalilan kan kuɓuce, amma ko sun ciji mutum ba sa sauya masa halitta.

Damuwa a kan muhalli da neman yardar mazauna wuri tana da hujja, kuma ya kamata a saurare ta da gaske. A Burkina Faso ma gwamnati ta dakatar da aikin Target Malaria, wani shirin yaƙar zazzaɓin cizon sauro ta hanyar sauya wa sauro halitta, a 2025.