Waiwaye: Yadda kaɗaici ya shiga takardar likita a Ingila

Tsohuwa ta zo asibitin unguwa tana kukan ciwon jiki da rashin barci. Likita ya duba, bai ga cuta ba. Da ya matsa mata da tambaya, sai ta ce tun rasuwar maigidanta takan yi kwana uku ba ta yi magana da kowa ba. Irin waɗannan tsofaffi ne suka sa likitocin Ingila suka fara tura majinyata ƙungiyar waƙa, ko aikin lambu, ko zaman shan shayi da hira, maimakon ƙara musu ƙwaya.

Abin ya faro ne daga ƙasa. A 1984 aka kafa cibiyar taimakon al'umma ta Bromley by Bow a wani coci da ke gabashin Landan, daga baya aka gina asibiti a jikinta, ta yadda majinyaci zai fito daga wurin likita ya shiga ajin sana'a. A garin Frome kuma, Dakta Helen Kingston ta fara haɗa majinyatanta da ƙungiyoyin gari a 2013.

Siyasa ta shigo ne bayan kisan 'yar majalisa Jo Cox a Yunin 2016, wadda ta ɗauki batun kaɗaici da zafi. Kwamitin da ke ɗauke da sunanta ya fitar da rahoto a Disambar 2017, kuma a Janairun 2018 Firayim Minista ta wancan lokaci, Theresa May, ta naɗa Tracey Crouch ministar da za ta kula da matsalar. A 2019 hukumar lafiya ta NHS ta yi alkawarin ɗaukar sama da ma'aikata 1,000 masu sada majinyaci da jama'a. Aikinsu shi ne su zauna da tsoho su ji abin da ke ransa, wani lokacin har su raka shi zuwan farko, domin wanda ya daɗe a ɗaki yakan ji nauyin shiga cikin mutane.

Abin da ke damuna shi ne inda ake tura majinyatan. A shekarun tsuke bakin aljihu bayan 2010, an rufe ɗakunan karatu kusan 800 a Birtaniya, ƙananan ƙungiyoyin sa-kai kuma suna ta fama da ƙarancin kuɗi. Gwamnati na biyan albashin mai rakiya, amma ƙungiyar da za ta karɓi tsohuwar nan kowace Talata, ta dafa mata shayi, sau da yawa da kanta take neman kuɗin hayar ɗaki.