Diyoramar gareji

Diyoramar gareji ƙaramin gini ne da ake haɗawa da hannu domin ya kwaikwayi wurin gyaran motoci, da bangonsa da daɓensa da kayan aikinsa da motar da ke jiran gyara, duka an rage girmansu bisa ma'auni guda. Yawanci ba ta fi ƙarfin a ɗora ta a kan tebur ko kanta ba. Reshe ce ta sha'awar haɗa ƙananan motoci da jirage na roba, wadda ta yi ƙarfi a Amurka da Turai da Japan tun daga shekarun 1950. Aikin kashi biyu ne: gini, sai tsufarwa, wato sanya wa sabon abu tsatsa da ƙura da baƙin mai da ɓarewar fenti har ya yi kama da wurin da aka daɗe ana aiki a ciki. Masu wannan sha'awa sun fi auna gwanintar mutum da kashi na biyun. Gini kowa zai iya koya idan yana da awo da haƙuri, amma dattin da zai gamsar da ido sai wanda ya san dalilin da ya sa kowane tabo yake inda yake.

Asali

A 1822 Louis Daguerre da Charles-Marie Bouton suka buɗe wani gidan kallo a birnin Faris mai suna Diorama, inda ake nuna manyan zane-zane ana sauya musu haske har mai kallo ya ga kamar rana na faɗuwa a cikinsu. Daga baya sunan ya koma kan akwatunan gilashi na gidajen tarihi masu nuna dabbobi a muhallinsu, sannan ya sauko kan ƙananan wuraren da mutane ke haɗawa a gida.

Tsufarwa kuwa masu ƙananan jiragen ƙasa ne suka fara ɗaukar ta da muhimmanci. John Allen na garin Monterey a Kalifoniya ya yi suna a ƙarshen shekarun 1940 da wata rumfar gyaran kan jirgi da ya haɗa, ya yi mata alamun tsufa har da kashin tattabaru a rufinta, a zamanin da kowa ke son abinsa fes kamar yau ya fito daga masana'anta. A shekarun 1970 Sheperd Paine ya haɗa wa kamfanin Monogram diyoramomin yaƙi, ana saka hotunansu da bayanin yadda ya yi su a cikin kwalayen kayan, dubban yara suka koya daga nan. François Verlinden ɗan Beljiyam ya yaɗa shafar busasshen buroshi, Mig Jiménez ɗan Sifaniya kuma ya yaɗa amfani da garin launi da tsinkakken fenti hawa-hawa. Yawancin dabarun nan a jikin tankokin yaƙi aka ƙirƙiro su, masu motoci suka ara, suka tarar gareji ne wurin da ya fi karɓar su.

Ma'auni

Kafin a yanka komai sai an tsayar da ma'auni. Wanda ya fi yawa a garejin motoci shi ne 1:24, wato kowace santimita 24 ta zahiri ta koma santimita 1. Kamfanonin Amurka irin su AMT da MPC sun fi yin motocinsu a 1:25, bambancin kuwa kashi 4 cikin ɗari ne kawai, don haka ana cakuɗa su ba tare da ido ya kama ba. Akwai 1:18 na manyan motocin ƙarfe, da 1:43, da 1:64 wanda shi ne kusan girman motocin wasan yara na Hot Wheels da Matchbox, da 1:35 na motocin soja wanda kamfanin Tamiya na Shizuoka a Japan ya yaɗa.

A 1:24, gareji mai tsawon mita 6 da faɗin mita 4 da tsayin mita 3 zai zama santimita 25 da kusan 17 da 12.5. Bakanike mai tsayin mita 1.75 zai dawo santimita 7.3, ƙofa mai mita 2 ta zama 8.3, duron mai na lita 200 kuma bai kai santimita 4 ba. Sifana mai tsawon santimita 15 milimita 6 ce kacal.

Inda aka fi yin kuskure ba tsawo ba ne, kauri ne da laushi. Ƙwayar yashi mai rabin milimita, idan aka ninka ta sau 24, ta zama tsakuwa mai milimita 12, shi ya sa daɓen da aka barbaɗa wa yashin gini yake fitowa kamar titin da ba a gama ba. Haka kwanon rufi mai kaurin rabin milimita ya kamata ya dawo kimanin milimita 0.02, kusan kaurin takardar alminiyom ta naɗe abinci.

Gini

Tushen katako ne mai kauri, domin filasta da gam masu ruwa suna lanƙwasa siriri. Bango kan kasance na soson rufe zafi mai tauri, ko falankin roba na sitayirin irin na kamfanin Evergreen, ko kwali mai kauri. A kan soso ake zana layukan bulo da wuƙa, a faɗaɗa su da bakin fensir, sannan a dunƙule takardar alminiyom a daddanna domin fuskar ta yi kaushi. Sai dai tina da fentin gwangwani da wasu nau'o'in gam suna narkar da soso, dole a fara shafe shi da farin gam na katako. Daɓen siminti ana zuba shi da garin filasta irin na silin, a goge da samfefa mai laushi, a tsaga layukan mahaɗa, wasu ma su fasa shi da gangan su sake manna gutsattsarin domin tsagar ta zama ta gaske. Ginshiƙai da benci na katakon balsa ne ko 'yan sandunan motsa kofi.

Galibi bango biyu ko uku ake yi, a bar gaba a buɗe, rufin kuma ya zama mai cirewa. Gwanaye ba sa jera kaya daidai da gefen tushe. Sukan ɗan karkatar da motar, domin abin da ya yi layi ɗaya da bango yana kama da kayan shago, ba wurin aiki ba.

Kayan ciki ana sayen su ko a ƙera. Fujimi na Japan yana da jerin kayan gareji na 1:24, da jak da akwatin sifanu da injin iska, MiniArt na Yukiren kuma yana yin na 1:35. Injin buga abubuwa masu jiki uku ya sauƙaƙa samun komai, har da abin da babu kamfanin da ya taɓa yi. Duk da haka abubuwan da suka fi raya gareji ba su da tsada: wayar dalma ta zama tiyon iska, takardar tishu da aka jiƙa da gam ta zama tsumma a gefen benci, kalandar da aka rage a firinta ta hau bango a ɗan karkace.

Tsufarwa

Ana bin tsarin da abin yake faruwa a zahiri, daga ciki zuwa waje: ƙarfe ko katako, sai tsatsa, sai fenti, sai ƙura, sai mai da ya ɗiga jiya.

Katako shi ya fi sauƙi. A jiƙa soson ƙarfe a ruwan khal na 'yan kwanaki, a shafa ruwan a jikin katakon. Ƙarfen da ya narke yana haɗuwa da sinadarin tanin da ke cikin itacen, sai katakon ya koma ruwan toka irin na allon da ya sha rana da ruwa. Itacen da ba shi da tanin sosai, kamar balsa, ana fara shafa masa baƙin shayi.

Ɓarewar fenti tana da hanyoyi biyu da aka fi sani. A ta gishiri, ana fenta abin da launin tsatsa, a ɗan jiƙa shi, a barbaɗa gishiri, a fesa launin sama, idan ya bushe a kankare gishirin. A ta biyun, tsakanin launin tsatsa da na sama ana fesa man nan mai sandarar da gashi. Ruwa yana narkar da shi, don haka buroshi mai danshi yana ɗaye fentin sama kaɗan-kaɗan a duk inda aka ga dama. Ta biyun ta fi ba mutum iko, kuma a kanta ne kamfanoni irin su AK Interactive da Vallejo suka yi nasu ruwan ɓare fenti.

Tsatsa ba launi ɗaya ba ce. Sabuwa tana da hasken ruwan lemo, tsohuwa ta yi duhu kamar ƙasa-ƙasa mai sirkin baƙi, kuma tsohuwar ce a tsakiya, sabuwar a gefe. Tana kama inda ruwa ke kwanciya, wato ƙasan ƙofa, kan ƙusa, mahaɗar kwano, bakin duro. Daga nan take gangarowa a miƙe, tana shuɗewa yayin da take sauka. Ana yin wannan zubin da ɗigon fentin mai, a ja shi ƙasa da buroshi mai ɗan danshin tina. Wanda ya shafe bango duka da ruwan lemo bai yi tsatsa ba, sabon fenti ya yi.

Tsinkakken fenti mai duhu yana bin kwari da mahaɗa ya fito da inuwa. Busasshen buroshi akasin haka yake yi: a goge kusan duk fentin a tsumma, ragowar ta taɓa gefuna kawai. Garin bakin fensir da aka murza da yatsa yana ba hannun sifana da bakin benci sheƙin ƙarfen da hannu ya goge.

Daɓe shi ne littafin tarihin gareji, kuma nan ake gane wanda ya taɓa tsayawa a wurin makanikai ya duba ƙasa. Baƙin mai yana ƙarƙashin inda injin ke tsayawa, da gindin duro, da gaban benci. Tsohon tabo faffaɗa ne, ya dusashe, siminti ya shanye shi, ba ya sheƙi. Sabo ƙarami ne, baƙi wuluk, shi kaɗai ake ɗiga wa banish mai ƙyalli. Taya tana barin layi biyu daga ƙofa zuwa ciki. Hanyar da ƙafa ke bi daga benci zuwa mota takan fi duhu da santsi, ƙura kuma ta taru a lungu, a saman kanta, a bayan tsohon injin da ba wanda ya taɓa. Abin da ake ɗauka kullum ba ya ƙura, gefensa ne ke gogewa.

Launin ƙurar ma yana bin ƙasar da garejin yake. Na birnin Ingila toka-toka ne mai danshi, da gansakuka a gindin bango. Wanda zai kwaikwayi garejin makanikai na Kano ko Maraɗi kuwa zai bukaci jar ƙasa da farar ƙurar hunturu, sau da yawa ma ba daɓe ba bango, sai rumfar kwano ko inuwar darbejiya da ƙasar da baƙin mai ya mayar tamkar kwalta. Ana yin ƙura da garin launi ko allin zane da aka goga a samfefa, a kafe shi da ɗigon tina.

Babbar matsalar masu farawa ita ce ƙetare iyaka. Garejin da komai nasa ya yi tsatsa iri ɗaya ya zama kango. Wurin da ake aiki yana da sabon galan kusa da tsoho, da taya mai tambarin kanti a jikinta, kuma sabon ne ke sa a ga tsufan tsohon.

Haske da hoto

Ana haska ciki da ƙananan fitilun LED. Fara tana bukatar kimanin bolt 3 da miliyamfa 20, don haka a wutar bolt 12 ana saka mata rizisto mai om 470, a ta USB mai bolt 5 kuma om 100 ya isa. Mai ɗumin launi tana ba da hasken tsohon ƙwai, mai fari fat ta ba da na doguwar fitila. Ana ɓoye wayoyin a bayan bango, ko a bar su a fili su zama bututun wutar garejin.

Yawancin mutane a hoto suke ganin diyorama. Ana sauke kamara zuwa tsayin idon ƙaramin bakaniken, wato kimanin santimita 7 daga daɓe, a ƙuntata ƙofar hasken domin gaba da baya su fito tar. Michael Paul Smith na Amurka, wanda ya rasu a 2018, ya yi suna da garinsa na ƙage mai suna Elgin Park: yakan ɗora motocin 1:24 da gine-ginensa a kan tebur a waje, ya daidaita su da bishiyoyi da gidaje na gaske da ke nesa, hoton ya fito kamar an ɗauke shi a shekarun 1950.

Kariya da baje koli

Tina da fentin feshi suna bukatar ɗaki mai iska, ƙurar rezin, wato robar da ake ƙera wasu ƙananan kayan da ita, kuma tana cutar da huhu, shi ya sa ake goge shi a jiƙe tare da takunkumi. Idan an gama, ana rufe diyorama da akwatin gilashi ko roba mai haske, domin garin launi ba ya jure a share shi, hasken rana kuma yana dusar da fenti.

Ƙungiyar IPMS ta masu haɗa ƙananan motoci da jirage na roba, wadda aka kafa a Birtaniya a 1963, tana shirya babban baje koli a garin Telford kowane watan Nuwamba, Shizuoka kuma tana yin nata a watan Mayu. A gasa, alƙalai sukan fara da duba ginin kafin tsufarwa: ko an bar tabon gam a gilashi, ko mahaɗar roba ta fito, ko tayoyi huɗun duka sun taɓa ƙasa, ko ƙafar ƙaramin bakaniken ta zauna a daɓe ba tana shawagi ba.