Waiwaye: yadda laktaye ɗaya ya zama tushen gardamar D.B. Cooper

Kusan kowace shekara sai wani ya fito a intanet yana cewa ya gano wanda ya yi fashin jirgin sama a Amurka a 1971: kawunsa ne, ko maƙwabcinsu, ko wani tsohon soja da ya rasu. Wannan yawan zato yana da asali.

Ranar 24 ga Nuwamba 1971 wani mutum ya sayi tikiti da sunan Dan Cooper (wanda daga baya aka fi sani da D.B. Cooper), ya hau jirgin Boeing 727 daga Portland zuwa Seattle. Ya ce yana ɗauke da bam, aka ba shi dala 200,000 da laimar sauka 4, ya saki fasinjoji, jirgi ya sake tashi, ya dira ta matakalar baya cikin dare. A 1980 wani yaro ya tono dala 5,800 daga cikin kuɗin a yashin bakin kogin Columbia. Iyakar kuɗin da aka gano ke nan. Hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, FBI, ta dakatar da bincike a 2016.

Inda mutane ba su cika tsayawa ba shi ne 2007, lokacin da aka fara nuna wa jama'a wasu hujjojin, da 2009, lokacin da aka bai wa masu binciken sa-kai damar duba baƙin laktayen da ya bari a kujerarsa. Daga nan gardama ta tashi daga kamannin fuska ta koma kan ƙurar da ke jikin laktayen. Aikin kuwa haka yake: a manna tef mai danƙo a jikin yadin, a ɗaga, a sa a na'urar lantarki mai ƙara girman ƙananan abubuwa, a tantance sinadarin kowace ƙwaya. An ɗebo ƙwayoyi sama da 100,000. A ciki an ga taitaniyam zalla, wanda ba a gauraya da wani ƙarfe ba, abin da ba a cika samu ba a 1971 sai a masana'antun ƙarfe da na sinadarai.

Wannan binciken na gaskiya ne, kuma ya cancanci yabo. Amma ƙurar tana nuna inda laktayen ya shiga ne kawai, ba ta nuna wuyan da ya ɗaure shi a daren ba. Laktaye ne mai araha na kantin JCPenney, irin mai maƙalewa, wanda ana iya aro ko a saya a gwanjo. DNA ɗin da aka samu a jikinsa ma guntu ne, kuma babu tabbacin nasa ne. Saboda haka duk wanda ya taɓa aiki kusa da taitaniyam, shekarunsa suka kai arba'in da wani abu a lokacin, sai a ja shi cikin zargi.

A ganina nan cutar take. Mai zato yakan fara da mutumin da ya riga ya zaɓa, sannan ya tsinci ƙwayar da ta dace da shi, ya kau da kai daga dubban da ba su dace ba. Yawancin waɗanda ake ambata sun riga mu gidan gaskiya, 'ya'ya da jikoki ne ke kwana da zargin. Ita kuwa FBI ta faɗi abin da za ta sake dubawa: laimar da ya dira da ita, ko takardun dala 20 masu lambobin da aka ɗauki hotonsu kafin a miƙa masa kuɗin.