Ƙwari masu shan jini: wanne ne yake ina, kuma wace cuta yake rabawa?

Wai duk ƙwaron da ya sha jinin mutum sai ya bar masa cuta?

A'a fa. Kuɗin cizo zai hana ka barci har asuba amma har yanzu ba a tabbatar yana yaɗa wata cuta tsakanin mutane ba. Manyan masu ɓarnar su ne sauro, ƙudan tsando, baƙin ƙudan bakin kogi, wani ɗan mitsitsin ƙuda da ake kira ƙudan yashi, sai wani ƙwaron dare na Latin Amurka. Kowannensu yana tsotso ƙwayar cutar ne daga jinin mai ita, ta yi kwanaki tana girma a cikinsa, sannan ya kai wa na gaba. Shi ya sa inda ƙwaron ba zai iya rayuwa ba, cutar ma da wuya ta samu gindin zama.

To sauro ai ko'ina akwai shi, me ya sa maleriya ta fi yawa a Afirka?

Don sauro kala-kala ne. Macen Anofilis ce kaɗai take ɗaukar maleriya, abin da likita Ronald Ross ya gano a Indiya a 1897. Irin Anofilis ɗin da ya fi yawa a kudu da Sahara kuwa ya fi son jinin mutum a kan na dabba, ga shi yana daɗewa a raye, ga zafi da yake sa ƙwayar ta yi saurin nuna a cikinsa, don tana buƙatar wajen kwana 10 ko fiye kafin ta kai bakin sauron, in ya mutu kafin nan shi kenan magana ta ƙare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 mutum miliyan 249 sun kamu, 608,000 sun rasu, kusan kashi 95 cikin 100 na mutuwar a Afirka, kuma yawanci yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Wallahi wannan adadin duk sanda na tuna shi sai raina ya ɓaci, cuta ce da ake da maganinta. A saman tsaunukan Habasha da Kenya inda ake sanyi cutar tana raguwa sosai. Sauro kuma shi ne yake yaɗa tundurmi a Afirka da Indiya da wasu tsibiran Fasifik.

Ƙudan tsando fa?

Shi kam ɗan Afirka ne zalla, kudu da Sahara, babu shi a Asiya ko Amurka. Yana son inuwa da laima, bakin rafi mai duhuwar itatuwa ko dajin da namun dawa suke. Mace da namiji duk suna cizo, kuma da rana. Macen ba ta zuba ƙwai barkatai kamar sauro, tsutsa ɗaya take renon ta a cikinta, in ta girma ta ajiye ta a ƙasa mai taushi. Wannan jinkirin haihuwar ne ya sa tarko yake cin sa, yadi shuɗi da baƙi ake kafawa a bakin ruwa don launin yana jan shi. Shi ke sa wa mutum ciwon barci, shanu kuma sammore. Ciwon barcin Yamma da Tsakiyar Afirka yana cin mutum a hankali shekara da shekaru, an fi samun sa a Dimokuraɗiyyar Kwango, na Gabas da Kudanci kuwa cikin watanni yake kayar da mutum. Tun 2018 waɗanda ake samu a shekara ba sa kai 1,000.

Me ya haɗa makanta da kogi?

Baƙin ƙudan nan a ruwa mai gudu da ƙarfi yake ƙwai, a jikin duwatsu da ganyen da ruwa ke bugawa. Cizonsa yana saka wata tsutsa, 'ya'yanta su bazu a fata, ƙaiƙayi ba dare ba rana, in sun shiga ido a hankali gani ya tafi. Kusan duk masu cutar a Afirka suke, sai kaɗan a Yaman da kan iyakar Burazil da Benezuwela. A yankin kogin Bolta na Afirka ta Yamma har ƙauyuka aka yi ta tashi ana barin ƙasa mai albarka saboda shi, kafin a kafa shirin feshin koguna a 1974, sannan kamfanin Merck ya fara ba da maganin Mectizan kyauta a 1987.

Sauran biyun?

Ƙudan yashi bai wuce milimita 3 ba, yana iya ratsa gidan sauro mai manyan huji. Yana jawo kala-azar mai kumbura saifa a jihar Bihar ta Indiya, Sudan, Sudan ta Kudu, Habasha da Burazil, da kuma gyambon fata a Afganistan, Siriya da Aljeriya. Na Latin Amurka kuwa a tsagar bango yake ɓuya da rana, da dare ya fito ya ciji fuska, ya yi kashi kusa da wurin, mutum cikin barci ya sosa ya tura kashin cikin raunin ko ido. Ta nan cutar Chagas take shiga, wadda likita Carlos Chagas ya gano a Burazil a 1909, tana iya yin shiru shekara 20 sannan ta taɓa zuciya.

Iyakokin nan suna nan daram ne?

Ina! Suna motsi ta ɓangare biyu. Sin ta samu shaidar rabuwa da maleriya a 2021, Masar a 2024, Nijar kuma a 2025 ta zama ƙasar Afirka ta farko da aka tabbatar ta kawar da makantar kogi. Amma ga wani Anofilis na Asiya mai suna stephensi da aka fara gani a Jibuti a 2012, daga nan ya ɓulla a Habasha, Sudan, Somaliya, Najeriya da Ghana, shi ba ruwansa da jiran damina don a tankin ruwa da durom da tsohuwar taya yake ƙwai, a tsakiyar birni, kuma yawancin magungunan feshin da aka saba da su ba sa kashe shi yadda ya kamata.