Fitsari kamar shayi bayan korona: tambayoyi kan narkewar tsoka

A unguwannin Aboabo da Asawase na Kumasi za ka ga matashi ya kwana uku yana fama da zazzaɓi, rana ta huɗu ya koma wurin ɗaga ƙarfe, yana cicciɓar sumuntin da aka daskarar a gwangwanin Milo. Tun ranar 12 ga Maris 2020 da korona ta ɓulla a Ghana ake cewa ciwon tsofaffi ce. Su ta fi kashewa, gaskiya ne. Amma tana da wata illa ga tsoka wadda ba ta duba shekaru, ko da yake ba kasafai take faruwa ba.

Mece ce narkewar tsoka?

Likitoci na kiranta rabdomayolisis. Ƙwayoyin tsoka ne ke fashewa, abin da ke cikinsu ya kwarara cikin jini. Ɗaya daga ciki shi ne mayogilobin, wanda ke ba nama launin ja. Ƙoda ce ke tace shi, kuma idan ya yi yawa sai ya toshe ƙananan hanyoyinta ya ji mata ciwo. Sinadarin fotasiyam ma yakan hau, ya rikita bugun zuciya.

Ba huhu korona ke kamawa ba? Ina ruwanta da tsoka?

Yaƙin da jiki ke yi da cutar yana haddasa kumburi ko'ina, har cikin tsoka. Ga zafin zazzaɓi, ga ƙarancin ruwa saboda gumi da gudawa. Mura mai tsanani ta infuluwenza ma an daɗe da sanin tana yin haka. An samu marasa lafiyar da ciwon tsoka ne ya fara kai su asibiti, kafin tari ya bayyana.

To me ya sa ake jan kunnen matasa?

Saboda ba sa kwanciya. Dattijo zai yi jinya a ɗaki, shi kuwa saurayi da ya ji sauƙi-sauƙi sai filin ƙwallo da tsakar rana, ko ɗaukar kaya a kasuwar Kejetia. Tsokar da cuta ta riga ta raunana, ka ɗora mata wahala da zafin rana, ai ka gama da ita. Mai ɗauke da jinin AS na sikila ya ƙara kula, domin aikin ƙarfi cikin zafi ya fi yi masa haɗari. Masu haɗiyar tramol don kashe gajiya kuwa, ƙararrawar da jiki ke kaɗawa suke toshewa.

Yaya zan bambanta ta da ciwon jikin zazzaɓi?

Duba fitsarinka da safe. Idan ya koma kamar shayin da aka manta ganye a ciki, ko kamar Coca-Cola, ko ya ragu sosai, kada ka jira gobe. Ciwon yakan fi tsanani a cinyoyi, tsokar bayan ƙwauri, kafaɗu da ƙugu. Wani tashi daga sujada ma sai ya dafa bango. Ba lallai alamomin su taru duka ba. Wani fitsarinsa ba ya sauya launi.

Ba maleriya ko shawara ba ce?

Su ma suna duhunta fitsari, shi ya sa ido ba ya raba gardama. Gwajin jini na CK, sinadarin da ke fita daga tsokar da ta fashe, shi ne ke rabawa: idan ya ninka iyakar da aka saba sau 5 ko fiye, tsoka ce. A fitsari kuma tsinken gwaji kan nuna jini, amma a madubin likita ba a ganin ƙwayoyin jinin.

In sayi maganin ciwon jiki a shagon magani?

A'a. Diclofenac da ibuprofen suna rage jinin da ke zuwa ƙoda, ita kuwa tana cikin wahala. Haka jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke cikinsu ba.

A asibiti me za a yi?

Ƙarin ruwa, leda bayan leda, ana auna fitsari ana bibiyar ƙoda da fotasiyam. Mafi yawan waɗanda suka zo da wuri suna warkewa sarai. Wanda ƙodarsa ta tsaya sai wankin ƙoda, a babban asibiti irin Komfo Anokye da ke Kumasi.

Yaushe zan koma atisaye?

Bayan korona, sai zazzaɓi da kasala sun tafi gaba ɗaya, ka fara da tafiya, ka riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan kana shan ruwa. Wanda tsokarsa ta narke kuwa, sai likita ya maimaita gwajin CK ya ga ya sauka.