Dokar Turai kan ƙona lakar ƙazanta tare da kwal

Bayan an tace ruwan ƙazanta na gari, akwai wata baƙar laka da ke kwantawa a ƙasan matata. Ana matse ta, a busar da ita har ta koma 'yan dunƙule-dunƙule, sannan wasu tashoshin wutar lantarki su zuba ta a tanderu tare da kwal. Tarayyar Turai ta yarda a yi haka, amma bisa sharuɗɗan dokarta mai lamba 2010/75/EU kan hayaƙin masana'antu.

Abin damuwar shi ne naitirojin. Lakar nan daga bahaya da ragowar abinci ta fito, don haka naitirojin ɗinta ya fi na kwal nesa ba kusa ba. Idan ta ƙone, wani kaso nasa kan fita a matsayin NOx, iskar da ke tayar da asma, ta kuma sa ruwan sama ya yi tsami.

Dokar ta ce dole hayaƙin ya kai zafin maki 850 na Salshiyas har tsawon daƙiƙa 2, kuma a riƙa auna NOx a bututu dare da rana ba yankewa. Sai kuma ƙa'idar cakuɗa, wadda a ganina ita ce ƙashin bayan dokar. Babbar tashar ƙona shara zalla tana da iyakarta, miligiram 200 na NOx a kowace kubik mita ta hayaƙi a matsakaicin awon yini. Tashar kwal ma tana da tata. Wanda ya haɗa biyun, sai a lissafa yawan hayaƙin da laka ta kawo da wanda kwal ya kawo, a fitar masa da iyaka gwargwadon rabon kowanne. Ta haka aka toshe ƙofar fakewa da guzuma a harbi karsana, wato a ɓoye gubar shara cikin tulin hayaƙin kwal.

Inda nake ganin an bar baya da ƙura shi ne N2O, wata iska daban da ita ma naitirojin ke haifarwa wajen ƙonewa. Tanderun da ke ƙona abu cikin yashi mai tafarfasa ba ya yin zafi sosai, NOx ɗinsa kaɗan ne, amma yana fitar da N2O da yawa. Iskar nan ta ninka kabon dayoksaid sau 273 wajen ɗumama duniya, kuma jadawalin iyakokin ƙona shara na wannan doka bai yanka mata adadi ba.