Me ake nufi da "gandun daji"?

A asalin Hausa, gandu babbar gona ce da maigida da ƙannensa da 'ya'yansa ke nomawa tare. Daji kuwa wurin da ba na kowa ba ne, wanda ya ga dama ya shiga ya sari itace, ya ɗana tarko, ya kora dabbobinsa kiwo. Da aka haɗa kalmomin biyu sai ma'ana ta fito sarai: dajin da ke da mai shi, da iyaka, da mutanen da aikinsu shi ne kula da shi. A yau idan ka ji kalmar a rediyo ko ka gani a jarida, ana nufin yankin da doka ta keɓe domin namun daji da itatuwa da ruwan da ke cikinsa su rayu ba tare da an cinye su ƙurmus ba.

Wasu na rikita shi da gidan zu. A gidan zu dabbar ake kamowa a kawo ta inda mutane suke, a ba ta abinci a kan lokaci. A gandun daji mazauninta ake tsarewa, ita kuma ta ci gaba da neman abincinta da haihuwarta yadda ta saba. Kuma ba duka gandaye ne ke da doka iri ɗaya ba. Ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, wadda aka kafa a 1948, ta kasa su gida shida, tun daga wanda ba a shiga sai don bincike har zuwa wanda ake barin mutanen yankin su ɗebi zuma ko magani ko itace daidai gwargwado. Mashahurin cikinsu shi ne gandun ƙasa, irin Yellowstone na Amurka da aka kafa a 1872, da Virunga na Kwango, na farko a Afirka, a 1925.

Me ya sa mazauni ne abin tsarewa? Ɗauki giwar kurmi ta tsakiyar Afirka, wadda IUCN ta saka a sahun dabbobin da ke daf da ƙarewa a 2021. Macen takan haura shekara 20 kafin ta yi haihuwar fari, cikin kuma ya kusa shekara biyu. Garken da mafarautan haure suka ɓarnata a damina ɗaya sai ya ɗauki shekaru masu yawa kafin ya farfaɗo. Ita wannan giwar ce ke haɗiye 'ya'yan manyan itatuwa, ta yi tafiya mai nisa, ta kasayar da ƙwallon cikin kashinta ya tsiro. Idan ta tafi, itatuwan na nan tsaye, daga sama kurmin na nan kore shar, amma wasu daga cikinsu ba su da mai shuka musu magada. Masana na kiran irin wannan wuri daji fanko, ni kuwa kangon daji nake ce masa.

Girma ma na da nasa muhimmancin. Idan titi da gonaki suka yanyanka kurmi gunduwa-gunduwa, dabbobin kowace gunduwa sai su koma barbara da danginsu na kusa, irin ya yi rauni. Shi ya sa ake barin zirin daji tsakanin gandu da gandu, wato burtalin namun daji.

Inda na fi ganin ma'anar "gandu" ta cika shi ne duwatsun da suka haɗa Kwango da Ruwanda da Yuganda, mazaunin goggon birin tsauni. A farkon shekarun 1980 waɗanda ke tsaunukan Virunga sun ragu zuwa wajen 250. A 2018 jimillarsu, haɗe da na kurmin Bwindi na Yuganda, ta haura 1,000, har IUCN ta sassauta matsayinsu daga "daf da ƙarewa" zuwa "cikin haɗari". Abin da ya kawo wannan aikin ƙafa ne. Kullum da safe masu gadi na bin sawun kowane iyali, suna duba shimfiɗar ganyen da suka kwana a kai, suna ƙirga su. Suna tsince tarkunan waya, galibi wayar birkin keke ko babur da aka lanƙwasa aka ɗaure a reshe don kama gada, amma sai ta shaƙe hannun ɗan goggo ta ci nama har ƙashi. Masu yawon buɗe ido mutum takwas kacal ake bari su ziyarci iyali ɗaya a rana, awa ɗaya tak, domin murar da ɗan Adam zai yi kwana uku ya warke tana iya kashe goggo. Farashin bai tsaya ga kuɗi ba: fiye da masu gadi 200 aka kashe a bakin aiki a Virunga.

Akwai ɓangaren da ba a son faɗa. Dajin da aka ce "ba na kowa ba" sau da yawa akwai masu shi tun kaka da kakanni. Lokacin da Yuganda ta mai da Bwindi gandun ƙasa a 1991, an fitar da mutanen Batwa da suka rayu a kurmin tun fil azal, da yawansu suka koma ba gona ba daji. Manomin da ke bakin iyaka kuma, wanda giwa ta tattake masa gona a dare guda, da wuya ka burge shi da lissafin dabbobin da aka ceto. A ganina gandun da maƙwabtansa ke kallo a matsayin abokin gaba ba ya daɗewa, komai yawan bindigogin masu gadi. Ruwanda ta gane haka, tana mayar da kashi 10 cikin ɗari na kuɗin shigar gandayenta ga garuruwan da ke kewaye, a yi makarantu da asibitoci da ruwan sha.

A Disambar 2022 ƙasashen duniya suka amince a Montreal ta Kanada cewa kafin 2030 za a keɓe kashi 30 cikin ɗari na ƙasa da teku. A tudu yanzu ana wajen kashi 17. Sai dai wannan lissafi faɗin ƙasa yake aunawa a taswira. Gandun Garamba na arewa maso gabashin Kwango an kafa shi tun 1938, an saka shi a jerin wuraren tarihi na duniya a 1980, kuma yana cikin lissafin a 2006, shekarar da aka yi wa farar karkandarsa, irin ta arewa, ganin ƙarshe. Irin wannan karkanda mata biyu suka rage a duniya, uwa da 'yarta, suna kiwo a wani killataccen fili a Kenya, masu gadi na biye da su dare da rana.